Akwatin Tambaya: Murjanin Tanki da Sunayen da Ƴan Kasuwa Ke Raɗa Masa

Wasiƙun wannan watan sun taru ne a kan murjani mai rai, irin wanda ake kiwo a tankin gilashi cikin ruwan gishiri. Na taƙaita wasu don fili ya isa. Masu tambaya a kan tarwaɗa da karfasa su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Dubai sayo kaya. A can na shiga wani kanti na ga murjani a tanki, gutsure bai fi gaɓar yatsa ba, an rubuta masa Walt Disney. Kusa da shi wani Green Slimer, wani kuma Strawberry Shortcake. Kuɗin na farkon ya ninka na biyun sau da yawa, alhali ni a idona duk reshe ne. Waɗannan su ne sunayen jinsinsu? Yaya mutum zai san abin da yake saye?
Daga wani Alhaji, Zango, Damagaram

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Idonka bai yaudare ka ba, ukun nan ƴan gida ɗaya ne, dangin da masana ke kira Acropora. Sunayen da ka gani a jikin gilashi ba masana suka raɗa su ba, masu sayarwa ne, akasarinsu a Amurka. Mutum zai buɗe kwalin da ya zo daga Indunusiya ko Ostareliya, ya tarar da reshe mai launin da ya fita daban, sai ya laƙaba masa suna, ya rene shi, ya riƙa ɓallar gutsure yana sayarwa. Ka san yadda sabuwar atamfa ke shigowa kasuwar Dole, kafin mako ya zagayo mata sun sa mata suna, kuɗinta ya tashi. Sunan nan ba zai gaya maka audugar ko masaƙar da ta fito ba, zane da launi kawai yake nufi. To haka abin yake.

Na yi aiki a wani kantin kifin ado a Jidda kafin in dawo gida, kuma ni ke kwance kwalaye idan kaya sun iso da dare. A takardar da ke rakiyar kayan, wadda hukuma ta buga wa hatimi, abin da za ka gani shi ne Acropora sp., ma'ana wani daga cikin Acropora, sai adadin guda nawa ne. Da safe mai kanti zai zo da alƙalaminsa, kafin azahar kowane reshe ya sami suna mai daɗin faɗi. Ita kanta yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta yarda a tsaya a sunan dangi idan Acropora ne, domin rarrabe jinsinsa, wanda ya haura 100, yana ba ƙwararru ma wuya. In hukuma da masana sun tsaya nan, yaron kanti ba zai wuce su ba.

Duk da haka akwai inda aka saba jingina kowanne. Green Slimer, koren nan mai dogayen rassa da ke zubar da yauƙi in an taɓa shi, galibi ana cewa Acropora yongei ne. Strawberry Shortcake ana kai shi ga Acropora microclados. Walt Disney kuwa an daɗe ana rubuta shi Acropora tenuis, sai a 2023 wasu masana suka bi ƙwayoyin gadon abin da duniya ke kira tenuis, suka tarar zuri'a ce fiye da 10 aka cusa a riga ɗaya. Na babban tudun murjanin Ostareliya ma aka mayar masa da tsohon sunansa, Acropora kenti. Saboda haka duk wanda ya rantse maka cewa gutsuren hannunsa tenuis ne, ka yi masa murmushi kawai.

Ba na ce sunan kasuwa ba shi da amfani ba. In mai sayarwa mai gaskiya ne, sunan yana nuna gutsuren nan jikan wancan reshe na asali ne, an yi ta ɓalla ana dasawa daga tanki zuwa tanki shekara da shekaru. Irin wannan ya saba da zaman gilashi, ya fi wanda aka ciro daga teku jiya juriya, kuma za ka sami waɗanda suka riga ka kiwonsa su gaya maka hasken da yake so. Inda gizo ke saƙar shi ne babu mai rajistar sunayen nan. Kowa na iya ɗaukar reshe mai kama ya manna masa sunan da ke tashe, ya karɓi kuɗin sunan.

Abin da idonka zai iya shi ne gane dangi, kuma dangin ne ke gaya maka irin kulawar da dabbar ke so. Dabba na ce, don murjani ba tsiro ba ne, ba kuma dutse ba. Kowane ɗigo da ka gani a jikin reshe dabba ce guda mai baki ɗaya da ƴan yatsu kewaye da bakin, tana zaune a gurbin da ta gina wa kanta da irin sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Guraben nan su ne shaida.

In ka koma kantin, kai fuskarka dab da gilashi ka dubi ƙarshen reshe. In akwai gurbi guda ɗaya a kan tsinin, ya ɗara sauran girma, da rami a tsakiya kamar bakin bututu, sau da yawa launinsa ya fi haske, sauran guraben kuma suna manne a gefen reshe suna leƙen sama, to Acropora ne ba tantama. In babu wannan gurbi na tsini, guraben ƙanana ne ƙwarai sun nutse cikin jiki, tsakaninsu da ɗan kaushi, Montipora ke nan. In jikin reshen ya yi ƙuraje-ƙuraje, kowane ƙurji ɗauke da gurabe da dama, Pocillopora ne. Rassa sirara masu tsini da suka sarƙe da juna, gurabensu sun yi sahu daga gindi zuwa sama, wannan Seriatopora ne, wanda kanti ke kira Bird's Nest, wai sheƙar tsuntsu. Mai rassa masu kauri, kai a dunƙule, kowane gurbi da ɗan rufi a samansa, shi ne Stylophora. Biyar ɗin nan su ne akasarin abin da kanti ke tarawa a ƙarƙashin haruffan SPS, masu ƙashi da ƙananan bakuna. Shi kansa SPS ɗin da takwaransa LPS na masu manyan bakuna rabon ƴan kasuwa ne, babu su a tsarin masana.

Tambaya: Baba Malam, ina karatun ilimin halittu a Jami'ar André Salifou. Ina haɗa wani rubutu a kan murjani, sai na ga wani wuri an sa Euphyllia ancora, wani wuri Fimbriaphyllia ancora, hoton kuma ɗaya. Haka Favia da Dipsastraea. Wanne ne daidai? Kuma mene ne bambancin Hammer, Torch da Frogspawn?
Daga wata ɗaliba, Sabon Gari

Amsa: Ɗiyata, Allah ya ba da sa'a. Duka biyun sun taɓa zama daidai, amma na biyun ne ke aiki yau. A da da siffar ƙashi ake rarraba murjani. A jiƙa mataccen gutsure a ruwan jabel naman ya narke, a wanke a shanya, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ƙirga ƴan katangun da ke cikin gurbi, a dubi haƙoran da ke bakinsu. Masanin nan na Ostareliya, Charlie Veron, ya fitar da kundinsa mai juzu'i 3 a shekarar 2000, ɗauke da jinsi kusan 800, kuma har yau sunayen cikinsa ne ke yawo a bakin ƴan kanti. Da aka fara gwajin ƙwayoyin gado sai ta bayyana kama da wane ba ta wane ba ce. Wasu da ƙashinsu ya yi kama ashe ba su haɗa kaka ba.

A 2012 aka bar sunan Favia ga na tekun Atlantika, na tekun Indiya da Fasifik, waɗanda su ne suka cika kantuna, suka koma Dipsastraea. A 2016 Acanthastrea lordhowensis, mai sunan tsibirin Lord Howe, ya zama Micromussa lordhowensis, Scolymia australis ya zama Homophyllia australis. A 2017 aka cire ancora da divisa da ƴan'uwansu daga Euphyllia aka kai su Fimbriaphyllia. Kanti kuwa ko a jikinsa, har gobe Acan Lord yake cewa, Scoly yake cewa, Favia yake cewa. Ke dai kafin ki miƙa wa malaminki rubutun, ki duba kowane suna a rajistar halittun teku ta duniya da ake kira WoRMS, za ta nuna miki wanda aka karɓa da wanda aka ajiye.

Ukun da kika lissafa, kan yatsa za ki duba. Torch, wato Euphyllia glabrescens, yatsunsa dogaye ne, kowanne ya ƙare da ƙwallo guda mai haske. Hammer kan yatsan ya baje gefe biyu, wani a miƙe kamar kan guduma, wani ya lanƙwasa. Frogspawn yatsa ɗaya ne ke rarrabuwa ya fitar da ƙwallaye da yawa a jikinsa, shi ya sa suka ce masa ƙwan kwaɗo. Sunaye irin su Dragon Soul da Holy Grail da za ki ci karo da su a kan Torch duk maganar launi ce.

Ga abin da ɗalibi ke tsallakewa amma mai kiwo ba ya tsallakewa: ƙashin da ke ƙarƙashin naman. Hammer iri biyu ne. Ancora ƙashinsa katanga ce guda mai lanƙwashe-lanƙwashe, naman ya bi samanta babu yankewa. Paraancora rassa ne, kowane reshe da kansa daban. Haka divisa da paradivisa a ɓangaren Frogspawn. Da rana, in naman ya kumbura ya rufe komai, daga sama ba za ki bambance su ba. Sai ki kaɗa ruwa a hankali kusa da shi, ya janye yatsunsa, ki leƙa daga ƙasa. Mai rassa, in kai ɗaya ya kamu da ruɓar nan mai yauƙi ruwan ƙasa, sai a sa almakashin ƙashi a datse shi, saura su tsira. Mai katanga kuwa ciwon bin naman yake yi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Na ga wanda muka rufe kanti yana da ɗan tabo, muka buɗe da hantsi muka tarar da rabinsa farin ƙashi. Kuma mai katanga in za a raba shi dole sai zarto ya bi ta cikin nama.

Tunda ke ma'abociyar ƙirga ce, ga ƙari. Goniopora da Alveopora, masu dogayen wuya kamar damin furanni, kanti kan haɗa su da suna ɗaya. Ƙirga yatsun baki guda: 24 Goniopora, 12 Alveopora. In kin ƙirga 8, kowane yatsa da ƴan gashi a gefe biyu, kin fita daga gidan masu gina tudu kin shiga na masu laushi, irin su Xenia da Sarcophyton. A masu kama da ƙwaƙwalwa, in kowane gurbi yana da katangarsa da ɗan kwari tsakaninsa da maƙwabci, Dipsastraea ne, in maƙwabta sun haɗa katanga ɗaya, Favites ne. Abin da kanti ke kira Chalice kuwa kada ki sa shi a rubutunki a matsayin dangi, buhu ne aka zuba Echinophyllia, Oxypora, Mycedium da Echinopora a ciki.

Tambaya: Malam, na sayi wani da aka ce mini Rainbow Montipora ne, a hoto launi kala-kala, wata biyu ke nan ya koma ruwan ƙasa. Na biyu an ce mini faranti zai yi, ga shi ya manne a dutse yana ta shimfiɗa, yanzu ma wasu ƴan yatsu yake fitarwa sama. An cuce ni ne?
Daga ɗan Damagaram mazaunin Yamai

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka kira mai kanti da faɗa, saurara. Launin murjani daga wuri biyu yake fitowa. Akwai wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke zaune cikin namansa, tana haɗa masa abinci da haske, ita launinta ruwan ƙasa ne. Akwai kuma sinadaran jikin dabbar kanta, kore da ja da ruwan lemo, waɗanda ke ƙyalli in shuɗin haske ya bugi su. Hoton da aka nuna maka an ɗauke shi ne a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, da gilashi ruwan lemo a bakin kyamara. In haskenka ya yi kaɗan, ko dattin abinci ya taru a ruwa, gansakukar sai ta yawaita ta rufe sauran launuka. Rage abincin kifi, canza wani kaso na ruwan, ka ɗaga shi kusa da fitila kaɗan-kaɗan cikin makonni, ba rana ɗaya ba. Ruwan ƙasa ba mutuwa ba ne. Fari shi ne abin tsoro: in naman na nan amma ya yi fari fat, zafi ko haske ne ya kori gansakukar, akwai sauran rai. In ƙashi ne tsirara, wurin ya tafi. Nan gaba ka ce a turo maka hoto a farin haske kafin ka biya.

Na biyun ya fi ban sha'awa. Siffar girma, ko rassa ce, ko tebur, ko faranti, ko shimfiɗa, ko dunƙule, tana nuna yadda murjani ke zaune ne fiye da ko shi wane ne. Gutsure sabon dasawa, kusan ko wane iri ne, da shimfiɗa yake farawa don ya kafa gindi. Bayan nan haske da gudun ruwa su ke juya shi. Inda haske ya yi ƙaranci sai ya baje don ya tara abin da ya samu. Inda igiyar ruwa ke duka sai rassa su gajarce su yi kauri. Pocillopora damicornis na bakin tudu, inda teku ke fashewa, dunƙulalle ne, ɗan'uwansa na cikin lungu mai kwanciyar ruwa rassansa sirara ne a buɗe, in aka ajiye maka su gefe da gefe za ka rantse jinsi biyu ne. A cikin Montipora akwai capricornis mai faranti hawa-hawa, akwai digitata mai yatsu, akwai kuma waɗanda ɗabi'arsu ce faranti a ƙasa, ginshiƙai a sama, a jiki guda. Bar naka ya kai faɗin tafin hannu tukuna. Ko a lokacin ma kada ka yi mamaki in bai yi daidai da hoton na teku ba, famfo da fitila ne suka rene shi.

Tambaya: Malam, maigidana yana da tanki a nan Jidda. Wasu ƙananan furanni kore da ruwan ƙasa sun mamaye masa dutse, ya ce ranar Juma'a zai ciro dutsen ya kankare, ya zuba masa tafasasshen ruwa a kicin. Mai kanti ya ce Button Polyps ne, ba su da wata illa. Hankalina bai kwanta ba, muna da yara.
Daga wata uwargida, Jidda

Amsa: Uwargida, na riga na aika miki amsa tun ranar da wasiƙar ta iso, ina maimaitawa ne don sauran masu karatu. Ki hana shi ko da za a yi fushi. A nan ne sunan kasuwa ke iya kai mutum asibiti. Abin da kanti ke kira Button Polyps, ko Zoas, ko Palys, dangi biyu ne, Zoanthus da Palythoa, kuma wasu daga cikin Palythoa suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, tana cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu. A 1971 ne masana biyu, Moore da Scheuer, suka ware ta daga wani Palythoa na wani ɗan kududdufin bakin teku a Hana, tsibirin Maui na Hawai, inda labarin mutanen wurin ya ce a da ana shafa shi a tsinin mashi.

Tafasasshen ruwa ko kankara da buroshi yana tayar da gubar ta bi tururi da feshi, duk wanda ke gidan ya shaƙa. Alamunta zazzaɓi, tari, sarƙewar numfashi, ciwon jiki, ɗaci kamar na ƙarfe a baki, in ta shiga ido kuma tana iya lalata shi. Ba ta da makari, sai dai likita ya tallafi jiki har ta wuce. In hakan ta faru a fita daga gidan, a tafi asibiti, a gaya wa likita sunan gubar da inda ta fito.

Palythoa sun fi girma, kuma suna cusa yashi cikin fatarsu, Zoanthus ba sa yi. Manyan nan masu kore da ruwan ƙasa, irin waɗanda kika kwatanta, su aka fi kamawa da laifi. Amma ni ban yarda kowa ya dogara da ido ko da suna a nan ba, Rasta ne ko Eagle Eye ne, a ɗauke su duka masu guba. Safar hannu mai kauri, tabarau, a ciro dutsen a sa a bokiti mai murfi da ruwan jabel a waje, nesa da yara.

Tambaya: Malam, ina da murjanin wuya da na gada wajen kakata. Jikana ya nuna mini hotunan tankin nan ya ce wai wannan shi ne murjani. To nawa fa? Kuma yaya zan san na gaske ne?
Daga wata Hajiya, Birni

Amsa: Hajiya, ranki ya daɗe. Jikanki bai yi ƙarya ba, ke ma naki murjani ne, sai dai dangantakar ta nesa ce. Jan murjanin ado sunansa Corallium rubrum, gidansa Bahar Rum. Yana cikin masu yatsu 8, amma ƙashinsa mai tauri ne, ja har ciki. Ba ya gina tudu, ba ya zama da gansakukar nan mai son haske, a kogunan dutse da zurfi mai duhu yake rayuwa yana kama abincinsa daga ruwa, don haka ba a kiwonsa a irin tankin da aka nuna miki. Kaurin reshensa bai kai milimita 1 ba yake ƙaruwa a shekara. Garin Torre del Greco, kusa da Nafoli a Italiya, shi ya yi suna wajen sassaƙa shi, kuma yana cikin kayan da ayarin raƙuma ke saukowa da su daga Tarabulus ta Gat da Agadas, su sauka nan Damagaram kafin su wuce Kano. Na kakarki zai iya zama ta wannan hanya ya zo.

Na jabu iri uku ne: gilashi, roba, da wani farin murjani mai gaɓa-gaɓa da ake rinawa ja. Ki sa jikan ya duba da madubin ƙara girma. Na gaske yana da siraran layuka a jere bisa tsawonsa, gilashi kuwa ƴan kumfa ne a ciki. Ɗigon lemun tsami a cikin hudar tsakiya, ba a bayanta ba don kada sheƙin ya dushe, zai yi ɗan kumfa in murjani ne, gilashi da roba ba sa yi. Rinannen shi ma zai yi kumfa, don haka sai a goga auduga mai ruwan goge jan farce a bakin hudar, in audugar ta yi ja, rini ne. In tsakiyoyin manya ne ƙwarai, launinsu ɗaya tas babu ko tabo, kuɗinsu kuma araha, ki yi shakka. Kada ki bari turare ya riƙa taɓa shi, yana cin sheƙinsa.

Tambaya: Kawu, ina da tankin kifin ruwan daɗi, ina so in fara murjani a nan gida. Wane suna zan nema? Wani abokina zai taho mini da shi a jaka daga Dubai.
Daga wani matashi, Garin Malam

Amsa: Ɗana, bar maganar suna tukuna, yi maganar zafi. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, in ya daɗe a 30 sai ya fara fari. Mu kuwa a Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40. Fanka a saman ruwa tana rage kaɗan, amma ba za ta ishe ka a bazara ba, sai ɗaki mai na'urar sanyi ko injin sanyaya ruwan, da sola da batir da za su riƙe famfo in wuta ta ɗauke. Ruwa ya tsaya cik na wasu awoyi cikin zafi, iska ta ƙare a ciki, ka yi asarar komai.

Sai gishiri. Ba na miya ba ne, ba kantun Bilma ba ne, haɗi ne na musamman da ake sayarwa don tankin teku, a narka shi a ruwan da aka tace da na'ura har ya kai kimanin giram 35 a kowace lita. Abin da ya ƙafe kullum a mayar da shi da tataccen ruwa zalla, don gishirin bai bi iska ba, yana nan. Kada ka ce a ɗebo maka murjani daga Kwatano ko Legas, gaɓar can ba ta da tudu irin na Bahar Maliya, laka da ruwan daɗin manyan koguna sun hana.

In ka shawo kan waɗannan, fara da masu laushi: Discosoma da kanti ke kira Mushroom, Sarcophyton da suke kira Toadstool, da Capnella da suke kira Kenya Tree. Masu arha, marasa sunan gayu. Acropora ka bar wa masu kuɗin asara.

Maganar jaka kuma, duk murjani mai ƙashi irin na tanki yana rukuni na 2 na CITES, Nijar tana cikin yarjejeniyar tun 1975, kuma ba a tsallaka iyaka da shi sai da takardar izini daga ƙasar da ya fito. Ko mai laushi ne, in yana manne a dutsen murjani, dutsen na iya jawo tambaya a wurin ƴan duwan. Ka je wurin ma'aikatan gandun daji ka tambayi ƙa'ida kafin a sayo komai. Ka kuma lissafa hanya, daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne, dabbar kuma tana cikin leda.

A wannan tafiyar ka ce abokinka ya taho maka da buhun gishirin, da ma'aunin gishiri, da ma'aunin zafi. Cika tankin, kunna famfo, kada ka sa komai mai rai a ciki. Ka riƙa rubuta zafin ruwan kullum da la'asar daga Maris zuwa Yuni, ka aiko mini da lambobin.